Laifin da Baba Mai Ɓerayen Masar Ya Ɗaukar Mini

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za a tattara mu. Baba, mahaifin maigidana, ya riga mu tafiya ranar wata Talata da hantsi, a ɗakinsa na Bungudu, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Gero ya nuna a gona, ba a kai ga yanka ba. Ba zan rubuta sunansa ba. Ban taɓa kama shi da bakina ba yana raye, ba kuwa yanzu zan fara ba. Wanda duk ya san garinmu, in aka ce mai ɓerayen Masar ya san wanda ake nufi.

Mutane sun zo ƙwarai. Daga cikin gida ina jin gaisuwar maza a ƙofa, wasu na tashi wasu na zama. Cikin mata kowa da abin da ta tuna. Wata tsohuwa mai daddawa ta ce shi ya ɗauki ɗanta ya kai asibiti Gusau lokacin da tari ya kusa gamawa da shi, ya tsaya a kansa har aka ba shi gado. Matan unguwa da suka sha yi masa dariya a bayan ido suka zauna jugum, ɗaya ta ce, "Ashe za mu ji kewar ganinshi da ciyawa a ka."

A rana ta biyu wani dattijo Bayarabe, Kirista, ya zo daga Gusau a kan babur. Shi ne malamin ɗakin gwaji na asibitin da Baba ya yi aiki. Ya zauna a tabarma da maza, sannan ya roƙi a bar shi ya shigo ya ga ɓerayen Masar ɗin Baba. Muka gyara lulluɓi aka shigo da shi. Ya tsugunna gaban akurki, ya ɗauki ɗaya ya duba hancinsa, ya hura gashin bayansa, ya ajiye ya ɗauki wani. Sai da ya bi su duka. Ya ce, "Ba tabo ko ɗaya. Abokina ke nan." Ya ciro hankici ya daɗe yana goge fuska.

Ni abin da ya karya ni ya faru washegarin jana'iza. Rana ta ɗaga ba wanda ya tuna da ciyawa. Maigidana ya je ya sauko da laujen Baba daga inda yake rataye, laujen ya bugi bango. Nan take duk akurkin ya ɗauki fito, irin wanda suke yi in sun ji shi tafe. Ɗiyata, mai shekara biyar, ta fito da gudu daga ɗaki tana cewa, "Angona ya dawo."

Amma maganar da ta sa na ɗauki fensir, ni da karatuna bai wuce na ajin yaƙi da jahilci ba, Gwaggo ce ta yi ta. Gwaggo yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ce babba a cikin gidanmu. Tana zaune tsakiyar mata, ta kwana biyu ba ta sa komai a baki ba, ta ce, "Ƙanena mutum ne. Aibinshi guda, taurin kai kan ɓerayen nan, har sunka ɓata wa jikarshi kai. Allah shi yafe mashi." Mata suka ce amin. Ni ma na ce amin, bakina yana ɗaci. Don ba shi ya ɓata kan yarinyar nan ba. Ni ce. Shekara biyu yana ɗauke da laifina, ga shi an binne shi da shi.

An kawo ni gidan nan daga Kucheri, ta wajen Tsafe, shekarar da motoci suka koma bin hannun dama. Inna, matar Baba, ta rasu kafin zuwana. Safiyar farko da na fito shara na ga wasu abubuwa suna kai da kawowa a wani akurki bayan rumbu, na yar da tsintsiya na koma ɗaki da gudu. Baba yana can gefe. Tunda suruki ne bai dube ni ba, bango ya kalla ya ce, "A gaya wa 'yar Kucheri ta sake dubawa. Ɓera da wutsiya aka san shi. Ina wutsiyar waɗanga?" Tun ranar sunan ya bi ni.

Sama da shekara ashirin yana kiwon su a asibiti kafin ya ajiye aiki. Yadda ya yi bayani, likita kan ɗebi wani abu daga jikin mai ciwo ya sa wa dabbar da allura, a jira makonni a gani ko tarin fuka ne. Aikin Baba shi ne ya riƙe su lafiya lau, don in dabba ta zo da nata ciwon gwaji ya lalace, a yi wa mutum maganin abin da ba shi ke damunsa ba. Yakan ce, "Suna mutuwa don wani shi rayu, ba su ko san shi ba. Ciyawa ɗanya da wuri mai tsabta, ai ba su nemi da yawa ba." Da zai bar aiki aka ba shi namiji da mata biyu, ya zo da su gida a kwando. Ba ya cin su, ba ya bari a ci. Malaman makaranta da 'ya'yan ma'aikata sukan zo ya ba su, amma sai ya yi wa mutum tambayoyi kamar mai neman auren ɗiyarsa.

Kullum in ya dawo masallaci da safe sai ya ɗauki lauje ya nufi bakin gulbi. Da rani kuma lambu yake bi yana karɓo ganyen dankali da na latas, don ya ce busasshiyar harawa kaɗai ba ta riƙe su, dasashinsu jini yake yi. In ya zuba musu sai ya zauna a kan turmin da ya kife, ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Hanci, ido, kunne, sannan ya hura gashin baya. Ya gama ya wanke hannu da jan sabulu har gwiwar hannu. Duk mako ya kwashe shimfiɗarsu ya ƙone a bayan gida.

Abin da yake nema a jikinsu makero ne, wanda in ya hau kan mutum muke cewa kora. Ya taɓa nuna wa maigidana hannunsa, duk tabon zobe-zobe ne da ya kwaso a farkon aikinsa. Ya ce ba ƙwaro ba ne da za ka kama ka murje, dangin funfuna ne irin mai fitowa kan tsohon tuwo, sai dai shi fata da gashi yake ci. A ɓeran Masar daga hanci yake farawa, gashi ya zube, wurin ya yi fari yana ɓarewa kamar dusa, ya bi gefen ido ya kai kunne. Yana son damshi, yana son cunkoso, yana son ƙanana. Abin da ya fi ba Baba tsoro, wani ɓeran yana ɗauke da shi amma jikinsa sumul, sai dai ya raba wa na kusa da shi.

Saboda haka yake da doka guda da ba ya sassautawa. Duk baƙon da aka kawo, sai ya kwana arba'in shi kaɗai a kwando, can kusa da zaure, kafin ya haɗu da sauran.

Gwaggo takan ce, "Haihuwa yay yi da za shi yi arba'in? To bari in dama mashi kunun kanwa."

Shi kuma ya ce, "Ki dama, Yaya. Ki sa zuma, baƙo ne."

Haka suke tun ina ganin abin faɗa ne har na gane hira ce.

Da na haifi ɗiyata, shi ya fi kowa murna. Ɗiyar fari ce, kun san yadda abin yake. Ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta a gaban manya sai in ba ta nono, in ta faɗi sai in kau da kai wani ya ɗaga ta. Ni kuwa Allah ya yi ni mai tsoro. In ta yi atishawa sau biyu sai hankalina ya tashi, ga shi ba halin in nuna. Baba ba ruwansa da wannan, shi kaka ne. Amaryata yake ce mata. "Amaryata, yau ma ba a yi man tuwo ba? Zan sake ki in auro mai haƙora." Tana fara tafiya ta zama mai riƙe masa ciyawa. Abu guda ya hana ta, kada ta ɗora su a wuya ko a ka.

Tana da shekara uku, da damina, yayana ya zo daga Kucheri da tsaraba. Wani malami a Tsafe ya ba shi ɗan ɓeran Masar, fari fat, da gashi mai murɗewa a goshi, ya ce ya kawo wa yarinya. Baba ya karɓa ya juya shi ya hura shi ko'ina.

Yayana ya ce, "Baba, ai lafiyayye ne. Ka ga ko ɗigo babu."

Baba ya ce, "Na gani. Shi yi arba'in ɗinshi."

Kwana shida bayan haka aka yi rasuwa a Ruwan Bore, Baba ya tafi zai kwana uku. Ya bar wa maigidana yankan ciyawa, ni kuma zubawa. Ruwa aka yi ta yi kamar ba za a daina ba. Ɗan farin nan yana kwando shi kaɗai, ya ƙi cin komai, ya dunƙule a gefe yana wani siririn kuka. Duk wucewar da zan yi sai na ji shi. Na san kukan. Ni ma na yi irinsa a gidan nan, a watannina na farko, ina jin hirar mutane daga nesa ba ni da wanda zan zauna kusa da shi. Na ce a raina, Baba da kansa ya duba bai ga komai ba, kwana biyu me zai yi? Gwaggo ta shiga maƙwabta, na ɗauke shi na kai shi cikin 'yan'uwansa. Nan da nan ya cusa kai cikinsu ya fara cin ciyawa. Ɗiyata ta ce tana son nata, na ciro shi na ba ta. Ta ɗora shi a ka tana zagaya tsakar gida, wai tallan fura take yi. Na yi dariya. Ranar da Baba zai dawo na mai da shi kwando, na share wurin.

Bayan kamar mako biyu na ga Baba ya daɗe riƙe da wani ƙarami yana kallon hancinsa. Ya ware shi. Washegari ya ware uku. Bai ce wa kowa komai ba, sai ƙonawa da wankewa suka ƙaru. Ni kuma ranar da na zauna tsefe wa yarinya kai a ɗaki, na tarar da makeron a tsakiyar kanta. Zagaye ne kamar kwabo, gashin wurin ya kakkarye, fatar ta yi toka-toka.

Da na faɗa a ranar, da abin bai kai inda ya kai ba. Tsoro ya hana ni. Na ɗaura mata ɗankwali na ce sanyi ake yi. Ina shafa mata man kaɗe a ɓoye ina addu'a. Kwana takwas wurin ya kumbura kamar rabin lemo, ya yi laushi, ruwa yana tsattsafowa, ta daina bari a taɓa. Gwaggo ce ta fizge ɗankwalin wata safiya don ta ga me yarinya ke ta sosawa.

Ba ta jira kowa ba. Ta aika a kira wanzami ya kankare wurin, ta sa aka tatso mata nonon tinya a sakaina, wanda in ya taɓa fata yake ƙone ta. Maigidana ya sa takalmi ya fice wurin ɗinkinsa, don shi ma ɗiyar fari ce gare shi, ba ya da bakin magana. Ni ina bakin turmi ina daka abin da ya riga ya daku. Yarinya tana tsakanin gwiwoyin Gwaggo tana kuka tana miƙo mini hannu, ni kuwa ina kallon taɓarya. Wanzami ya buɗe zabira ya fara wasa aska.

Sai ga Baba da ciyawa a ka. Ya sauke. Ya zo ya tsugunna ya dubi kan, ya dubi sakainar.

Ya ce, "Yaya, mi za a yi da wanga?"

"Abin da aka yi tun kakanninmu. Ɓerayenka sun ci amanarka, matsa ka ba mutum wuri."

"Ba za a sa mata ba."

"Kai za ka koya man renon yara? Ni na goye ka."

Baba ya kai hannu ya cire hularsa. Tun zuwana gidan ban taɓa ganin kansa ba, ko alwala zai yi baya yake juya wa mutane. Na sunkuyar da kai, amma na riga na gani. Gefen dama, faɗin tafin hannu, ba gashi ko ɗaya, fatar ta tattare tana sheƙi kamar tsohuwar ƙuna.

Ya ce, "Kin san wanga. Ke kinka riƙe man ƙafafu ranar da anka sa shi."

Gwaggo ta ce, "Ai ka warke."

"Na warke. Shekara sittin ina neman hula kafin in nemi takalmi. Ni namiji ne, hula ta rufa man asiri. Ita mi za ta sa ranar da ƙawayenta ke zaune ana yi masu kitso?"

Wanzami ya ninke askarsa ya ce, "Malam, ni dai kirana anka yi." Baba ya ce ya sani, ya raka shi har zaure.

Gwaggo ba ta ƙyale ba. Da ya dawo ta ce, "To kai mai arba'in, ta ina abin yab biyo? Ko baƙon naka tashi yay yi ya buɗe kwando?"

Taɓaryar ta tsaya a hannuna. Baba ya mai da hularsa, ya gyara mata zama. Bai dubi inda nake ba ko sau ɗaya.

Ya ce, "Kwando ba shi da kwaɗo, akurki ba shi da kwaɗo. Wanda yak kawo dabba gidan da ke da yaro bai sa kwaɗo ba, shi ne mai laifi. Dabbobina ne. Ki zage ni."

Ta kuwa zage shi. Ranar nan da kuma sauran ranaku.

Da hantsin nan ya aika wurin ɗinki ya sa maigidana ya ba ni izini, muka shiga mota zuwa Gusau, yarinya a kan cinyarsa. A asibiti dattijon nan Bayarabe ya ciri gashi kaɗan da hantsaki daga gefen wurin, ya sa a gilashi ya leƙa ta madubin likita, ya matsa Baba ma ya leƙa. Likita ya rubuta ƙwayoyi, ya ce kullum har mako shida ko fiye, a sha da abu mai maiƙo, kada a tsallake rana. Baba ya tambaya a madadina, don ya san abin da ke bakina, ko gashin zai dawo. Likita ya ce kumburin zai tafi, gashi kuwa sai an jira an gani.

Abin da ya yi mini bayan wannan ban san sunan da zan ba shi ba. Ya san ina son in kula da ɗiyata kuma kunya ta ɗaure ni. Sai ya mai da komai umarni. Kullum da safe ya tsaya tsakar gida ya ɗaga murya yadda Gwaggo za ta ji.

"'Yar Kucheri, murƙushe ƙwayar nan cikin nono, ki sa man shanu. Ki ɗora ta bisa cinya ki ba ta da hannunki, ina kallo."

"'Yar Kucheri, a tafasa ɗankwalinta. Matsefin nan a sa shi wuta."

"'Yar Kucheri, amaryata na kuka, ki rarrashe ta. Umarni ne, ba shawara ba."

Wa zai ce na yi rashin kunya, alhali surukina ne ya sa ni? A makonnin nan na rungumi ɗiyata a gaban mutane fiye da duk shekara ukun da suka wuce.

Dabbobin kuma sun sha wuya. Ya raba su kwando-kwando, ya ƙone tsohon akurkin ɗungum ya gina sabo inda rana ke bugu. Ya aske gefen tabon kowanne, yana shafa musu farar wuta da ya kwaɓa da mai. Makeron da kansa ba kisa yake ba, amma ƙananan sun rame, sanyin damina ya same su a warwatse, da yawa ba su kai kaka ba. Shi yake binne su da kansa. Tsohuwar macen da ya zo da ita daga asibiti jikokinta ne suka fi mutuwa. Farin nan kuwa ko ɗigo bai taɓa fito masa ba. Gwaggo ta ce a jefa shi gulbi. Baba ya ce, "Bai san yana ɗauke da komai ba," ya ci gaba da yi masa wanka.

Kumburin ya sace a mako na uku. Ya bar wuri sumul yana sheƙi, ni kuwa duk lokacin da na kalle shi kan Baba nake gani. Na rame har Gwaggo ta fara tambaya ko ciki ne. Yarinya ta shiga layin dubawa. In Baba ya gama da dabbobi ya wanke hannu, sai ta zo ta tsaya gabansa, ya duba hanci, ido, kunne, ya hura kan. "Amaryata mai sanƙo. Wa zai ƙwace man ke yanzu?" Ita kuma ta ce ai shi ma mai sanƙo ne, ta gani.

An gama ƙwayoyi, an shiga wata na uku, ba komai. Wata safiya ina wanke-wanke ya ce, "'Yar Kucheri, zo ki gani, gonata ta tsira." Na zo hannuna da kumfa. Ya juya kanta wajen rana. Wasu 'yan siraran gashi ne, laushi kamar na jariri, sun rufe wurin, sai tsakiya kawai, daidai faɗin farcen babban yatsa. Nan bai fito ba, har yau bai fito ba. Amma kitso yana rufe shi.

Gwaggo ba ta nan. Na durƙusa, ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Baba, ni ce. Ni na haɗa su da ka tafi Ruwan Bore. Ni na ba ta shi ta ɗora a ka."

Ya ce, "Na sani."

Na ɗago.

"Tun ranar da na dawo. Na bar shi yana kuka, na tarar ya daina, ya yi ƙiba. Baƙo ba ya daina kuka sai ya ga 'yan'uwa. Kuma duk nawa ba fari, ga farin gashi cikin shimfiɗarsu." Ya shafa kan yarinyar. "Kin yi kuskure, babba. Ɓoyon ya fi haɗawar muni, kada ki sake ɓoye ciwon yaro ko wa za shi zage ki. Amma kin ji abin da ni ban ji ba shekara ashirin. Ni tabo nike nema, ban taɓa sauraren kukan ba."

Na ce zan gaya wa Gwaggo. Ya ce, "A'a. Ni ƙanenta ne, in ta zage ni ta huce. Ke za ki zauna da ita bayan ba ni. Bar shi inda yake."

Daga ranar ya canja wurin baƙo. Bai rage ko kwana ɗaya daga arba'in ba, amma ya dawo da kwandon kusa da akurki, taku uku tsakani, inda baƙo zai ga sauran ya ji muryarsu ba tare da sun taɓa juna ba. Ya kuma sayo kwaɗo biyu.

Na bi maganarsa shekara biyu. Amma cewa ya yi in bar shi inda yake lokacin yana da bakin da zai amsa wa Gwaggo. Yanzu ba shi da shi, kuma na ji mata sun ce amin.

Ranar sadakar bakwai, bayan an watse, Gwaggo ta zaunar da yarinya tsakanin gwiwoyinta tana yi mata kitso, don ta ce ba za a bar kan yaro a tsefe saboda mutuwa ba. Na zo na durƙusa gabanta. Na faɗa mata duka, tun daga ruwan saman har farin gashin cikin shimfiɗa. Wasu maƙwabta biyu suna nan, ban rage murya ba, don a gaban mata aka ɗora masa.

Hannunta ya tsaya. Babban yatsanta yana daidai kan tabon.

Ta ce, "Ya sani?"

Na ce ya sani tun farko.

"Ya bar ni ina zaginshi shekara biyu. Da safe in zage shi, da marece in zage shi, yana cewa to, Yaya." Hawaye suka gangaro mata ba ta share ba. "Ja'irin yaro. Har ya tahi bai daina yi man wayo ba."

Na ce ta yafe mini.

Ta ce, "Ke tashi daga nan, kina tare man haske." Ta ja gashi daga dama ta ja daga hagu, ta kitse su a kan tabon har ya ɓace. Sannan ta dubi maƙwabtan nan ta ce, "Kun ji dai. Maganar da niy yi ranar nan, na janye ta. Ku gaya wa waɗanda sunka ce amin."

A bayan rumbu dabbobin suka fara fito, lokacin ciyawar marece ya yi. Gwaggo ta ɗaure ƙarshen kitson ta ce, ba ta dube ni ba, "'Yar Kucheri, ɓerayen ƙanena na kuka. Ki zuba masu. Ki wanke hannu har gwiwa."

Ba ta taɓa kirana da sunan nan ba sai ranar.

Allah, ga bawanka ya zo maka. Ya rufa asirin wadda ba shi ya haifa ba, ka rufa nasa. Ya tausaya wa abin da ba ya iya cewa na gode, ka tausaya masa. Ka yalwata masa makwanci, ka haɗa shi da Inna a inda ba ciwo. Mu kuma da muka rage, ka sa mu cika da kyau.